Dodon Koɗi da Ciwon Tsargiya

Jama'a, darasinmu na yau a kan wani ɗan ƙaramin abu ne wanda kowa ya sani. Ba manomin da bai taɓa ganinsa ba, ba yaron da bai taɓa wasa da ƙoƙonsa ba. Shi ne dodon koɗi. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya gudu. In ka taɓa shi sai ya shige ɗakinsa ya yi shiru. Amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To, ku karanta sannu sannu, ku ga yadda ya ke haihuwa, ku ga kuma abin da haihuwarsa ke jawo wa 'ya'yanmu.

ABIN DA YA SAME NI INA YARO

Sa'ad da na ke ɗan shekara 10, akwai wani kududdufi bayan garinmu, inda a ke haƙar ƙasar gini. Da damina ya kan cika ya batse. In rana ta take, sai mu tuɓe mu faɗa ciki, mu yi ta iyo har la'asar. Ran nan na tsuguna fitsari, sai na ga jini ya biyo a ƙarshe. Na tsorata. Na gaya wa abokaina, suka yi dariya, suka ce, "Ai ka zama namiji ke nan. Mu duk mun daɗe muna yi."

Na yarda da maganarsu, na yi shiru. Aka yi wata da watanni. Na rame, idona ya yi fari, in na yi ɗan gudu sai haki. A aji kuwa sai gyangyaɗi. Malaminmu ya lura, ya je ya sami mahaifina, aka kai ni asibiti. Malamin asibiti ya karɓi fitsarina a 'yar kwalba, ya ɗiga a kan gilashi, ya duba da madubin likita. Sa'an nan ya ce, "Zo, yaro, sa idonka nan."

Na duba, na ga waɗansu abubuwa masu kama da ƙwayar dabino, ko wane da 'yar ƙaya a gindinsa. Ya ce, "Waɗannan ƙwayayen tsutsa ne, daga jikinka suka fito. Ina ka ke wanka?" Na ce, "A kududdufi, Malam." Ya ce, "Akwai dodon koɗi a ciki?" Na ce, "Da yawa." Ya ce, "To, shi ne mai masaukin ciwonka."

Tun daga ran nan na ke son sanin halin wannan abu.

IRE-IRENSA

Dodon koɗi iri iri ne. Akwai na tudu, akwai na ruwan daɗi, akwai na teku. Babban nan mai murfi a bakinsa, wanda yara ke yin katantanwa da ƙoƙonsa, ba shi ne ke ɗauke da tsargiya ba. Masu ɓarna ƙanana ne, kuma ba su da murfi. Ga uku da ya kamata ku gane.

Na farko bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wani ma bai kai ba. In an tsai da ƙoƙonsa, tsininsa na sama, bakinsa na dubanka, za ka ga bakin yana wajen hannunka na hagu. Likitoci na kiransa Bulinus. Shi ne mai masaukin tsargiyar fitsari.

Na biyu faffaɗa ne, a naɗe kamar ɗan ƙaramin gammo, girmansa kamar maɓallin riga. Sunansa Biomphalaria. Shi ne mai masaukin tsargiyar hanji, wadda ke sa jini a bayan gida.

Na uku bakinsa na wajen dama, ƙoƙonsa ba kauri. Wannan shi ke ɗauke da tsutsar da ke ɓata hantar shanu da tumaki. Mahauta sun san ta, don su kan tarar da ita shimfiɗe kamar ganye cikin hanta.

ƊAN'UWANSA NA TEKU

Kun san wuri. Amma ko kun san wuri ma ƙoƙon dodon koɗi ne? Na ruwan gishiri ne. Mafi yawan wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi daga tsibiran Maldif ya fito, can cikin Tekun Indiya. Mutanen wurin su kan jefa ganyen kwakwa cikin ruwa, dodon ya hau ya manne, su jawo shi gaci, rana ta kashe shi, su wanke ƙoƙon su sayar. Daga nan ya yi ta tafiya, a jirgi da kan jaki, har ya iso kasuwar Kurmi. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano, ya tarar ana canjin dalar azurfa guda a kan wuri 2,500. Wuri 20,000 kuwa shi a ke ce wa keso. Kalmar nan kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce.

Shi wuri akwai namiji akwai mace, kuma macen ta kan kwanta bisa ƙwayayenta ta tsare su har su ƙyanƙyashe. A Turai da Amurka waɗansu mutane su kan ajiye akwatin gilashi a gida, su cika shi da ruwan gishiri, su sa kifi da murjani don sha'awa. Su kan sayi dodon koɗin teku su zuba, don ya lashe musu gansakuka. Yawancin irin na teku ba su cika yaɗuwa cikin akwatin ba, gama 'ya'yansu ƙanana ne ƙwarai, suna yawo cikin ruwa, kifi na cinye su. Saboda haka in mai akwati ya ga nasa sun hayayyafa sai ya yi murna.

Mu namu ba haka ya ke ba. Ba mu saye shi ba, ba mu ba shi abinci, amma yana haihuwa ba fasawa.

YADDA NAMU KE HAIHUWA

Bara na yi wani gwaji, ga abin da na gani. Na sami babbar kwalba mai faɗin baki, na zuba ruwan rijiya, na sa ganyen bado. Na je kududdufi na kwaso dodon koɗi biyu masu bakin hagu. Da ludayi na kwaso su, ban taɓa ruwan da hannu ba. Ku ma kada wanda ya taɓa.

Bayan 'yan kwanaki na ga wani ɗan abu manne a jikin kwalba, mai yauƙi, garai garai kamar ɗigon ƙaro. Da na duba da kyau sai na ga ɗige-ɗige a ciki, sun fi goma. Ƙwayaye ne. Na juya ganyen bado, na tarar da waɗansu a ƙarƙashinsa. Da aka yi kamar kwana goma sai 'ya'ya suka fito, ko wane kamar ƙwayar yashi, amma da ɗan ƙoƙonsa a baya.

Sai na ɗauki ɗa guda, tun yana ƙarami, na sa shi cikin wata kwalba shi kaɗai. Ba aboki, ba abokiya. Bayan kamar mako shida, sai ga ƙwayaye a jikin kwalbarsa, suka kuma ƙyanƙyashe.

Wani dattijo cikin ajinmu ya ce, "Malam, wannan kuwa wace irin magana ce? A haihu ba miji?" Na ce, "Baba, ikon Allah ne. Irin wannan dodon koɗi ko wane guda namiji ne, kuma mace ce. In biyu sun gamu, duka biyun su kan yi ƙwai. In kuwa ɗaya ya rasa abokin zama, yana iya yi shi kaɗai." Ya kama baki, ya ce, "Ashe guda ɗaya ya isa ya cika tafki." Na ce, "Ka gane karatun, Baba."

GA LISSAFI

Ku ɗauki allo mu gwada. A ce dodon koɗi ɗaya ya bar 'ya'ya 20 da suka rayu. Misali ne kawai, don mu ga yadda abin ke tafiya.

Haihuwa ta farko: 20.
Ta biyu: 20 sau 20, watau 400.
Ta uku: 400 sau 20, watau 8,000.

Tun da ɗa na isa haihuwa cikin wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, damina guda ta isa a yi haihuwa uku. Kun ga dalilin da ya sa kududdufin da ba kome cikinsa a farkon damina ya kan cika da su kafin kaka.

INA YA KE ZUWA DA RANI?

Wani zai ce, ai kududdufinmu na ƙafewa ƙaf da rani, har ƙasa ta tsage. Gaskiya ne, da yawa su kan mutu. Amma ba duka ba. In ruwa ya fara ja da baya, waɗansu su kan nutse cikin taɓo, ko ƙarƙashin busasshiyar ciyawa, su ja jiki can cikin ƙoƙo, su yi kamar sun mutu. Haka za su zauna wata da watanni. Ran da ruwan farko ya sauka sai su farka, su shiga ci da haihuwa. Ambaliya kuma ta kan kwashe su daga wannan tafki zuwa wancan, haka nan su kan manne a jikin komar masunta da ciyawar ruwa.

YADDA CIWON KE ZAGAYAWA

Yanzu ku lura da kyau, nan ne zuciyar darasin. Ba a haihuwar dodon koɗi da tsargiya. Ɗan da ya fito daga ƙwai ba kome cikinsa. Mutum ne ke ba shi ciwon, shi kuma ya riɓanya ya mayar wa mutum. Ga yadda a ke yi.

1. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin tafki, ko a bakinsa. Ƙwayayen tsutsa suka shiga ruwa.

2. Ko wane ƙwai ya fashe, wani ɗan mitsitsin abu ya fito yana iyo, yana neman dodon koɗi. In bai samu ba kafin kwana guda, ya mutu. In ya samu, ya huda jikinsa ya shige.

3. Cikin dodon koɗi ya yi ta rabuwa. Bayan mako huɗu zuwa shida, abin da ya shiga shi kaɗai ya zama dubbai. Sai su riƙa fitowa kullum, ko wane da wutsiya mai baki biyu. Ido ba ya ganinsu sosai. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke iyo.

4. In sun sami fatar mutum sai su huda su shige, cikin 'yan mintoci. Ba sai da rauni ba, ba kuma sai an sha ruwan ba. Mai wanka, da mai wanki, da mai alwala, da mai su, da mai dashen shinkafa, duk ɗaya ne. Wani ya kan ji ƙaiƙayi bayan ya fito, shi ke nan.

5. Cikin jiki su bi jini, su girma su zama tsutsotsi. Namijin kamar rabin inci, macen ta fi shi tsawo amma siririya ce. Su zauna cikin jijiyoyin jini na mafitsara, mace tana zuba ɗaruruwan ƙwai kullum, shekara uku, ko biyar, ko fiye. Ƙwayayen nan masu ƙaya su ke tsaga mafitsara su fito, shi ne jinin da a ke gani. Daga shiga ruwa zuwa ganin jini a kan yi kamar wata uku.

Sa'an nan wannan mutum ya koma tafki ya yi fitsari, abin ya sake daga farko.

Kun ga ba zafin rana ke kawo tsargiya ba, ba shan rake ba, ba kuwa alamar balaga ba ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a Alƙahira cikin 1851, shekarar da Abdulkarim ya zo Kano. A 1915 wani likita daga Ingila, Robert Leiper, ya nuna a Masar yadda ta ke bi ta jikin dodon koɗi ta koma ga mutum.

ƁARNAR DA TA KE YI

Ba duk ƙwayayen ke fita ba. Da yawa su kan maƙale cikin jiki, su ne masu ɓarna. Yaro ya rasa jini, ya ƙi girma, karatu ya gagare shi. Babba ya kasa noma sosai. In an daɗe ba magani, mafitsara ta kan taurare, ƙoda ta lalace, har wani ya sami ciwon daji na mafitsara. Ga mata kuwa ta kan kawo ciwon mara, da zubar jini, har da rashin haihuwa, kuma kunya ta kan hana su faɗi. Ta hanji ta kan kumbura hanta da saifa, ciki ya yi tulu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane fiye da miliyan 250 ke bukatar maganin wannan ciwo, mafi yawansu a Afirka. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu shi.

RUWA ALHERI NE, AMMA A LURA

Ƙasarmu, daga duwatsun Kazaure da Roni har zuwa Gwiwa da rairayin Babura, ƙasa ce mai gajeriyar damina. Zamanin Gwamna Audu Bako, daga 1967 zuwa 1975, sa'ad da mu ke cikin Jihar Kano, an gina madatsun ruwa da yawa, irin su Bagauda da Tiga. A nan Kazaure ma ga madatsar Muhammadu Ayuba, ga Kogin Gari. Da su mu ke noman rani, da su, da shayar da dabbobi. Wannan alheri ne babba. Sai dai ruwan da ba ya ƙafewa, mai bado da kainuwa da kacala, da hanyoyin ban ruwa masu tafiya a hankali, nan ne dodon koɗi ke haihuwa rani da damina.

Ga abin da ya faru a ƙasar Sanagal. Da can, in rani ya yi, ruwan teku mai gishiri ya kan hauro cikin Kogin Sanagal, dodon koɗin ruwan daɗi kuwa ba ya jimre gishiri. A 1986 aka gama madatsar Diyama don a tare ruwan gishirin a yi noma. Noma ya samu. Amma dodon koɗi ya yaɗu, kafin 'yan shekaru tsargiyar hanji ta mamaye garin Rishar Tol da kewayensa. Ba cewa a ke yi kada a tare ruwa ba. Cewa a ke yi in an tare shi a tsare shi.

ABIN DA ZA MU YI

Ba za mu iya kashe dodon koɗi duka ba, lissafinmu ya nuna haka. Amma muna iya yanke zagayen a wurare da dama.

Da fari, kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko kusa da shi. Malamanmu sun sha gaya mana addini ya hana yin bawali cikin ruwan da ke tsaye. Ko wane gida ya haƙa masai. In ba ƙwai ya shiga ruwa, ko dodon koɗi ya kai dubu nawa ba zai cuci kowa ba.

Na biyu, a nemi magani. Akwai ƙwaya mai suna firazikwantal, an samo ta tun wajen 1970 da 'yan kai, tana kashe tsutsar. Ma'aikatan lafiya su kan raba ta kyauta a makarantu, suna auna tsawon yaro da sanda don su san ƙwaya nawa za a ba shi. A ci abinci kafin a sha. In sun zo, ku fito da yaranku duka, maza da mata, da na allo da na boko, da wanda ba a ga jini gare shi ba. Wanda ya ga jini kuwa, yaro ko babba, ya tafi asibiti, kada ya jira. Ku sani maganin na kashe tsutsar da ke ciki ne, ba ya hana wata shiga gobe.

Na uku, a yi wanka da wanki da ruwan rijiya ko na burtsatse. In dole sai na tafki, a ɗebo da guga, a ajiye cikin randa kwana biyu ko uku, a tabbata ba dodon koɗi ciki. 'Yan tsutsotsin ba su rayuwa fiye da haka a wajen jiki. In ana sauri a tafasa shi.

Na huɗu, a hana yara iyo a kududdufi, balle da tsakar rana. Mai aikin fadama in yana da hali ya sa dogon takalmin roba.

Na biyar, a yi gayya. A share ciyawa daga mashaya da hanyoyin ban ruwa, da manjagara mai dogon ƙota, a janye ta can tudu ta bushe, gama a jikinta ƙwayayen su ke. Ramukan da ba a bukata a cike su. Agwagi kuma na cin dodon koɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai a yi magana da mai unguwa da dagaci a sa rana.

Abu ɗaya kuma. Tun 1933 wani likita a Sudan ya nuna cewa 'ya'yan aduwa in an jiƙa su cikin ruwa suna kashe dodon koɗi. Amma suna kashe kifi ma. Saboda haka kada wanda ya zuba kome cikin ruwan jama'a sai da shawarar malaman tsafta.

Rigakafi ya fi magani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi, ya karanta wa matan gidansa. Allah ya ba mu lafiya, mu da zuriyarmu, amin.

TAMBAYOYI

1. Yaya za ka gane dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiyar fitsari?
2. Ina ya ke ajiye ƙwayayensa?
3. Me ya sa guda ɗaya ya isa ya cika tafki?
4. Wa ke ba dodon koɗi ciwon?
5. Ta ina tsutsar ke shiga jikin mutum?
6. Kwana nawa za a ajiye ruwan tafki kafin a yi wanka da shi?
7. In ɗa ɗaya ya bar 'ya'ya 10, nawa za su zama a haihuwa ta uku?

AIKI

Rubuta wannan a littafinka sau uku: Jini a fitsari ciwo ne, yana da magani.

Kafin mako mai zuwa, kowa ya ƙidaya tafkuna da kududdufan da ke kewaye da garinsu, ya rubuta sunayensu, ya sa alama a kan waɗanda yara ke wanka ciki. Ku zo da takardun aji, mu haɗa mu kai wa dagaci.